Tambayoyi da Amsoshi Kan Fara Gwajin Zanen Furosesa da FPGA ta Gajimare

Waɗannan tambayoyi su ne suka fi yawan fitowa daga bakin ɗalibai da injiniyoyin da suka rubuta zanen furosesa, wato ɓangaren kwamfuta da ke aiwatar da umarni, ko suke shirin rubutawa, kuma suke neman hanyar gwada shi kafin a kai ga maganar masana'anta. An ɗauki tsarin FireSim, wato manhajar da ke kwaikwayon zanen furosesa a kan FPGA, a matsayin misali, domin kyauta ne, lambobin manhajarsa a buɗe suke ga kowa, kuma tun asali don irin wannan aiki aka gina shi.

Mene ne FPGA, kuma me ya haɗa shi da zanen kwamfuta?

FPGA wani nau'in cip ne da ake iya sauya tsarin wayoyin cikinsa bayan ya bar masana'anta. Cip na yau da kullum, irin wanda ke cikin waya ko kwamfutar tafi-da-gidanka, da zarar an ƙera shi ya ƙeru ke nan, babu mai iya ƙara masa ko da ƙofar lissafi guda. Shi kuwa FPGA cike yake da dubban ɗaruruwan ƙananan akwatunan lissafi, da 'yan ma'adanai, wato wuraren adana bayanai, da hanyoyin da ke tsakaninsu, kuma fayil ne ake ɗora masa ya gaya wa kowane akwati abin da zai yi da wanda zai haɗu da shi. Yau a mayar da shi furosesa, gobe a goge a mayar da shi na'urar sarrafa hoto. Kamfanin Xilinx na Amurka ne ya fitar da na farko a kasuwa a 1985, kuma a 2022 kamfanin AMD ya saye Xilinx ɗin, shi ya sa yanzu ake ganin sunayen biyu a kan kaya iri ɗaya.

Mai zanen furosesa yana rubuta zanensa ne da wani harshe na musamman kamar Verilog ko VHDL ko Chisel, inda yake bayyana abin da kowane sashe zai yi a duk bugun agogo guda, wato kowane mataki na siginar da ke daidaita tafiyar furosesa. Kai wannan zane masana'anta yana cin watanni da kuɗi masu yawan gaske, kuma kuskure ɗaya kan sa a sake komai daga farko. FPGA yana ba shi damar ganin zanen yana aiki, har ya tayar da Linux, wato babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, a kansa, alhali ba a ƙera komai ba tukuna.

Me zai hana a tsaya ga manhajar kwaikwayo a kwamfutar da ke gaban mutum?

Babu abin da zai hana, kuma ma da ita ya kamata a fara. Manhaja irin su Verilator, wadda kyauta ce, tana ɗaukar zanen ta bi shi bugu bayan bugu, ta nuna kowace waya da abin da ke kanta. Matsalarta ɗaya ce, wato jinkiri. Idan zanen ya kai girman cikakken furosesa da ma'adanarsa, saurin kwaikwayon yakan tsaya a 'yan dubban bugu a daƙiƙa. Mu ƙaddara zanen an yi shi ne don ya yi bugu biliyan 1 a daƙiƙa, manhajar kuma tana iya bugu 10,000 a daƙiƙa. Kafin a kwaikwayi daƙiƙa ɗaya tak ta rayuwar furosesar, sai an jira daƙiƙa 100,000, wato kusan awa 28. Idan aka kai wannan zane kan FPGA mai yin bugu miliyan 50 a daƙiƙa, aikin nan daƙiƙa 20 zai ci. Wannan tazara ita ce ke raba wanda zai iya gwada 'yan layukan umarni kawai da wanda zai iya tayar da cikakken tsarin aiki ya gudanar da manhajoji na gaske a kansa.

Akwai kuma manhajoji masu sauri irin su QEMU da Spike, amma su amsar lissafi kawai suke tabbatarwa, ba sa gaya wa mutum bugu nawa zanensa ya ci. Manhajar gem5 tana ƙiyasta lokaci, sai dai samfuri take bi wanda aka rubuta daban, ba ainihin zanen da za a kai masana'anta ba.

To me gajimare ya ƙara a kan wannan?

Abin da ake kira gajimare ba wani abu ba ne illa kwamfutocin wani kamfani da ke jibge a manyan cibiyoyi, waɗanda ake haya ta intanet a biya gwargwadon lokacin da aka yi amfani da su. Allon FPGA mai girman da zai ɗauki furosesa ta zamani yana cin dubban daloli, ga lasisin manhajar da ake gina shi da ita, ga kwamfuta mai ƙarfi da za a sa shi a ciki. Manyan kamfanonin ƙera cip suna da na'urorin gwaji irin su Palladium na Cadence da ZeBu na Synopsys, waɗanda ba kayan ɗalibi ba ne ko ƙaramar jami'a.

A ƙarshen 2016 kamfanin Amazon ya sanar da na'urorin haya da ya kira F1, suka buɗe ga kowa a 2017. Kowace tana ɗauke da FPGA na Xilinx samfurin VU9P, mafi ƙanƙanta guda 1, ta tsakiya 2, babbar kuma 8. A ƙarshen 2024 ya fito da magajiyarsu, F2, mai ɗauke da FPGA na AMD. Da zuwan waɗannan na'urorin haya ne wanda ba shi da halin sayen allo ya samu damar hayar guda ɗaya na awa biyu, wanda kuma yake buƙatar ɗaruruwa na dare ɗaya shi ma ya samu.

Masu FireSim, waɗanda masu bincike ne a Jami'ar Kalifoniya da ke Bakli, sun nuna iyakar abin a takardar da suka gabatar a taron ISCA na 2018, wadda Sagar Karandikar ya jagoranta. Sun kwaikwayi cibiyar kwamfutoci mai na'ura 1,024, kowace da ƙwaƙwalwar furosesa 4, jimla 4,096, duk a haɗe da hanyar sadarwa, kuma kuɗin hayar ya tashi wajen dala 100 a awa, alhali darajar FPGA ɗin da suka yi amfani da su ta haura dala miliyan 12.

Ashe ba ɗora zane a kan FPGA ba ne kawai a kunna?

A'a, kuma wannan ita ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci a wannan shafi, domin wanda bai fahimce ta ba zai fitar da alƙaluma masu kyan gani waɗanda ba gaskiya ba ne.

Idan aka ɗauki zane aka ɗora shi kai tsaye a kan FPGA, zai yi aiki, amma da saurin FPGA ɗin, misali bugu miliyan 50 a daƙiƙa. Ita kuwa babbar ma'adanar bayanai da ke kan allon, wadda ake kira DRAM, ba ta san an rage wa furosesa sauri ba, da saurinta na gaske take amsawa. Mu ƙaddara tana amsa buƙata cikin nanodaƙiƙa 60 (nanodaƙiƙa ɗaya kashi ɗaya ce cikin biliyan na daƙiƙa). Ga furosesar da ke kan FPGA, wannan jiran bugu 3 ne kacal. Ga ainihin cip ɗin da za a ƙera, mai bugu biliyan 3 a daƙiƙa, wannan jiran bugu 180 ne. Saboda haka a kan FPGA ma'adana za ta zama kamar tana bakin ƙofa, duk wata dabara da mai zane ya yi don rage zuwa ma'adana za ta zama kamar ba ta da amfani, kuma zai iya cire abin da shi ne zai ceci zanensa a duniyar gaske. Haka lamarin yake ga faifan ajiya da hanyar sadarwa.

Maganin da FireSim ya kawo shi ne raba lokaci gida biyu. Akwai lokacin mai masauki, wato FPGA ɗin da agogonsa na zahiri, akwai kuma lokacin baƙo, wato na'urar da ake kwaikwayo. Wata manhaja mai suna Golden Gate tana ɗaukar zanen ta sake masa tsari ta yadda agogon baƙo ba ya matsawa gaba sai duk abin da yake buƙata na wannan bugun ya iso. Kowane sashe yana karɓar tikiti na bugu ɗaya daga maƙwabtansa, ya yi aikinsa, ya miƙa nasa tikitin. Idan tikiti bai iso ba, baƙo yana tsayawa cak, lokacinsa ba ya tafiya, ko da mai masauki ya yi bugu ɗari yana jira. Ta wannan hanya ake iya sanya samfurin ma'adana, wanda suke kira FASED, a ce masa ya riƙe amsa har sai an cika daidai adadin bugun da ma'adanar gaske za ta ci, ko da bayanin ya riga ya iso tuntuni. Idan kuma mai masauki ne ya yi nawa, baƙo ba zai taɓa sani ba.

Amfanin wannan guda biyu ne. Na farko, adadin bugun da aka ƙirga shi ne wanda cip ɗin gaske zai ci, matuƙar an saita samfuran ma'adana da sadarwa daidai. Na biyu, gwajin yana maimaituwa: a gudanar da shi yau, a sake gobe a wata na'urar daban, bugu nawa ya ci jiya shi zai ci yau. Duk wanda ya taɓa farautar kuskuren da ke bayyana sau ɗaya cikin gwaji ashirin ya san darajar wannan.

Me ya kamata in iya kafin in buɗe asusun haya a Amazon?

Abu na farko shi ne sabo da allon umarnin Linux, da shiga wata kwamfuta daga nesa ta SSH, da amfani da Git, manhajar sauke lambobi da bin sawun sauye-sauyensu, domin kusan komai da rubutu ake yinsa, babu maɓallan dannawa. Na biyu shi ne tushen zanen lantarki na dijital: mene ne rajista, mene ne agogo, yaya umarni ke bi ta cikin furosesa mataki-mataki. Na uku shi ne ɗan sanin RISC-V, wato tsarin umarnin furosesa da aka fara a Bakli a 2010, wanda kowa ke da izinin amfani da shi ba tare da biyan lasisi ba. Yawancin zanen da ke zuwa tare da FireSim a kansa suke.

Zanen da kansu ana samun su a cikin wani kundi mai suna Chipyard, wanda ya tattara furosesa Rocket, mai bin umarni a jere, da BOOM, mai iya sake jerin umarni don ta yi sauri, da sauran sassa. An rubuta su da Chisel, harshen da aka gina a kan wani harshen rubuta manhaja mai suna Scala. Ba dole ba ne mutum ya ƙware a Chisel ranar farko, amma duk wanda zai sauya wani abu a cikin zanen sai ya koye shi. Shawarata ita ce a kwashe mako biyu ko uku ana gudanar da Rocket da Verilator a kwamfutar gida, a sauya girman ƙaramar ma'adanar furosesa, a ga yadda sakamako ke canzawa, tun kafin a biya ko kwabo na haya.

Yaya ranar farko take kasancewa?

Sau da yawa ba ta zama ranar gwaji ba, domin sabon asusu ba ya zuwa da izinin hayar na'urorin FPGA. Sai an cike buƙatar ƙarin kaso, an bayyana abin da za a yi da su, an jira amsa. Gara a aika wannan buƙata tun ana cikin karatu. Haka kuma ba kowane yanki ne ke da waɗannan na'urori ba. Bajiniya ta Arewa da Oregon a Amurka suna cikin yankunan da aka saba samun su, kuma ya kamata a duba takardun sigar FireSim da za a sauke a ga wane nau'in na'ura take goyon baya kafin a zaɓi yanki.

Bayan an samu izini, sai a tayar da kwamfuta ɗaya marar FPGA, wadda ake kira manaja. A kanta ake sauke lambobin, a kanta ake ba da duk umarni, ita ce kuma ke tayar da sauran na'urori ta kashe su. Saitin yana cikin 'yan fayiloli na rubutu, inda ake faɗin na'ura nawa ake so, wane zane za a ɗora, wace manhaja za ta gudana. Ga mai farawa, abin da ya fi dacewa shi ne ya yi amfani da zanen da aka riga aka gina, ya bar gina nasa sai gaba.

Daga nan umarnin a jere suke. Da firesim launchrunfarm ake hayar na'urar FPGA, da firesim infrasetup ake kwafe fayiloli a ɗora zanen a kan FPGA, sannan firesim runworkload ya kunna kwaikwayon. Sai mutum ya shiga na'urar hayar ta SSH, ya buɗe tagar baƙo da umarnin screen, ya zuba ido. Layukan tashin Linux za su fara gangarowa ɗaya bayan ɗaya, a hankali fiye da yadda ya saba gani, har a zo inda ake neman sunan shiga. Idan ya shiga ya tambayi tsarin wace furosesa yake kai, zai ga an rubuta masa RISC-V, furosesar da babu ita a jikin kowane ƙarfe, tana nan ne kawai a matsayin tsarin wayoyi a cikin wani cip a wata nahiya. Idan ya kashe baƙon, kwaikwayon zai rubuta adadin bugun da aka yi da saurin da aka samu, a kwaso sakamakon zuwa manaja. Sai umarni na ƙarshe, firesim terminaterunfarm, wanda za mu dawo kansa a maganar kuɗi.

Idan na sauya zanen, yaushe zan ga sakamako?

Ba nan take ba. Duk sauyin da aka yi wa zane, komai ƙanƙantarsa, sai an sake gina fayil ɗin FPGA da manhajar Vivado, wadda za ta fassara zanen zuwa akwatunan lissafi, ta nema wa kowane wuri, ta ja wayoyi tsakaninsu. Wannan awoyi yake ci, kuma babban zane kan kwana yana ginuwa. A Amazon akwai ƙarin mataki, inda ake miƙa musu abin da aka gina su mayar da shi fayil ɗin da suke kira AFI kafin a iya ɗora shi. Ginin kan iya faɗuwa a ƙarshe saboda zanen ya fi ƙarfin FPGA ɗin, ko saboda saƙo ba ya isa daga wannan rajista zuwa waccan cikin bugu ɗaya, sai a rage saurin agogon mai masauki a sake. Rage wannan sauri yana tsawaita jira ne kawai, ba ya taɓa adadin bugun baƙo.

Saboda wannan jira ne FireSim yake ba da damar gudanar da dukkan tsarin, har da sauyin da Golden Gate ya yi, a cikin Verilator ba tare da FPGA ba. Bai kamata a tura zane gini ba sai ya haye wannan matakin da ƙaramin gwaji.

Nawa ne kuɗin, kuma ina ake yin asara?

A da, a yankin Bajiniya, farashin F1 mai FPGA ɗaya ya daɗe a kan dala 1.65 a awa, mai 8 kuma dala 13.20. Farashi yana sauyawa, na F2 kuma daban ne, don haka a duba shafin kamfanin ranar da za a fara. Ga wanda yake gwajin awa biyu ko uku a mako, wannan abu ne mai yiwuwa. Asarar tana zuwa ne daga mantuwa. Na'urar haya tana ci gaba da ƙirga kuɗi ko kwaikwayo ya ƙare, matuƙar ba a sallame ta ba. Wanda ya bar babbar F1 a kunne daga yammacin Juma'a zuwa safiyar Litinin, awa 60 ke nan, a wancan farashin zai tarar da bashin dala 792 ba tare da ya gwada komai ba, kuma ga mai samun kuɗinsa da naira ko sefa wannan ba ƙaramin rauni ba ne. Saboda haka bayan an ba da umarnin sallama, a buɗe shafin asusu a gani da ido cewa babu na'urar da ta rage. A kuma saita gargaɗin kasafi tun ranar farko, wanda zai aiko da saƙo idan kuɗi ya kai wani adadi.

Akwai kuma ƙananan kuɗaɗen da ba a cika lura da su ba: manaja tana cin nata, na'urorin gini suna cin nasu na awoyin da suka yi, faifan ajiya kuma yana ci gaba da cin kuɗi ko an dakatar da kwamfutar. Mabuɗan sirri na asusu kuwa kada a taɓa sanya su cikin lambobin da za a ɗora a GitHub, shafin intanet da ake ajiye lambobin manhaja, domin akwai masu neman irinsu dare da rana don su yi haya da sunan mai asusun.

Idan wuta ta ɗauke ko intanet ya yanke fa?

Aikin ba a kwamfutar mutum yake gudana ba, don haka tsohuwar kwamfuta da intanet na waya sun wadatar, tunda rubutu ne kawai ke kai da komowa. Abin kiyayewa shi ne umarnin da aka bayar ta SSH yakan mutu idan layin ya yanke. A riƙa gudanar da komai a cikin manhajar tmux ko screen a kan manaja, ta yadda idan aka dawo za a tarar da aikin yana tafiya, a kuma yi amfani da mosh, wanda ke jure yankewar layi. Haɗarin gaske shi ne layi ya yanke kafin a sallami na'urori, saboda haka yana da kyau a san yadda ake kashe su ta shafin asusu daga waya. FireSim yana da saitin da zai sa ya sallami na'urorin da kansa idan aiki ya kammala, kuma ga wanda wutarsa ba ta da tabbas wannan saiti ya cancanci a kunna shi.

Idan zanen ya maƙale a bugu na biliyan 40, yaya zan ga abin da ya faru?

A FPGA ba a ganin kowace waya kamar yadda ake gani a Verilator, sai abin da aka tanada tun kafin gini. FireSim yana iya mayar da sharuɗɗan bincike da layukan buga saƙo da ke cikin zanen su zama ɓangare na abin da aka ɗora, ta yadda idan wani sharaɗi ya karye zai faɗi ainihin bugun da hakan ta faru. Akwai TracerV, mai fitar da jerin umarnin da furosesa ta kammala, da AutoCounter, mai ƙirga abubuwa kamar sau nawa aka nemi bayani a ƙaramar ma'adana aka rasa. Tunda agogon baƙo yana tsayawa yayin da ake kwashe waɗannan bayanai, leƙen ba ya sauya halin abin da ake leƙawa. Tunda kuma gwajin yana maimaituwa, ana iya sake shi a kunna rikodin a ɗan tsakanin da ake zargi kawai.

Me wannan gwaji ba zai gaya mini ba?

Adadin bugu yake bayarwa. Ba zai faɗi saurin agogon da cip ɗin zai iya kaiwa a masana'anta ba, ko faɗin da zai ci, ko wutar da zai sha. Waɗannan na wasu manhajoji ne na ƙera cip. Idan aka ce baƙo yana bugu biliyan 3 a daƙiƙa, zato ne da mai gwaji ya sanya, kuma a kansa nauyin tabbatar da shi yake.

Dole ne sai ta gajimare?

Ba dole ba ne. FireSim yana aiki a kan alluna da ake saya a sa a kwamfutar ɗakin gwaji, irin su Alveo U250 da U280. Sashen jami'ar da zai riƙa gwaji kullum tsawon shekaru yana iya samun sauƙi idan ya sayi allo ɗaya, muddin yana da tsayayyiyar wuta da sanyaya ɗaki da lasisin Vivado. Wanda yake koyo, ko yake da aikin digiri na 'yan watanni, ko yake buƙatar FPGA talatin na mako guda don ya gwada zane talatin a lokaci ɗaya, haya ta fi masa, kuma fayilolin saitin da ya koya a can su ne zai yi amfani da su ranar da sashensu ya sayi allo.